Wa Za Mu Danƙa wa Kuɗin Lakwal?



Ranka ya daɗe mai gari, Allah ya gafarta malamai, iyayena maza da iyayena mata, ƴan uwana masu riƙe da alli, jama'ar Ɗan Barto da waɗanda suka taso daga ƙauyuka tun da hantsi, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin kaka. Na san na tsare ku a lokacin da girbi ke jiran kowa, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

An ce in yi magana a kan zaɓen kwamitin lakwal, wato makaranta, wanda yawancinmu har yau muke kira COGES. Da aka gaya mini sai na yi murmushi, don na san halinmu. Ko mai shela ya zagaye gari sau uku yana faɗin ranar wannan zaɓe, ba za a samu rabin mutanen da ke fitowa ranar rabon taki ba. Ni ma da nake tsaye gabanku na taɓa raina shi, kuma da labarin wannan raini zan fara.

Shekarun baya an tura ni darakta a wani ƙauye, ba zan faɗi sunansa ba, mutanensa sun yi mini alheri. Takarda ta zo daga sama cewa a kafa kwamiti. Na kai maganar ƙofar mai gari, aka ce ai wannan mai sauƙi ne, dattawa za su shirya. Ranar taro aka zauna ƙarƙashin bishiya, wani ya miƙe ya ce ga wane shugaba, ga wane ma'aji, wanda ya yarda ya ɗaga hannu. To wa zai ƙi ɗagawa? Wanda aka ce shi ne ma'aji, rabin masu zaman wurin bashinsa na kansu, sauran rabin kuma ko surukansa ne ko maƙwabtan gonarsa. Hannaye suka tashi kamar karan dawa. Ni kuma na rubuta a takarda da Faransanci mai kyau cewa an yi zaɓe cikin lumana, na sa hannu.

Aka tara kuɗin zana da itace don a kafa rumfuna biyu na ƙananan aji. Oktoba ta wuce, Nuwamba ta wuce, babu rumfa. Mutumin nan bai saci kuɗin ba yadda ɓarawo ke sata; lalura ta same shi, ya taɓa, da niyyar zai mayar in ya sayar da wake. Kowa a garin ya sani, ba wanda ya iya buɗe baki. Yaran CI, ajin farko, ba su zauna a inuwa ba sai da sanyi ya shigo sosai, wasunsu kuma iyayensu sun riga sun fid da rai sun mayar da su kiwo. Abin da ya fi damuna in na tuna shi ne nawa laifin. Kwamitin nan ya yi mini daɗi. Wanda ba ya son a tambaye shi ba zai tambaye ni ba. In na tafi Matamaye karɓar albashi na ƙara kwana biyu, ba mai cewa Mushe ina ka tsaya.

Shi wannan kwamiti ba daga sama ya faɗo ba. A ranar 1 ga Yuni 1998 aka kafa dokar tsarin ilimi ta ƙasa, wadda ma'aikata ke kira LOSEN, ita ce ta rubuta cewa nauyin makaranta yana kan gwamnati da ƙananan hukumomi da iyaye tare. Da aka shiga shirin raya ilimi na shekara goma a 2003, ana buɗe makarantu a ƙauyuka fiye da yadda ma'aikata a Yamai za ta iya lura da su, sai aka ga dole a ba mutanen gari wani abu su riƙe. Aka fara kafa COGES. Na farko-farkon da yawa sun zama irin nawa, suna a takarda kawai.

A 2004 hukumar haɗin gwiwa ta ƙasar Japan, JICA, ta fara wani aiki da ma'aikatar ilimi a jihar Tawa, mai suna Makaranta Don Kowa. Daga Tawa aikin ya zo nan jihar Damagaram, a 2007 kuma aka baza tsarin a faɗin ƙasa. Abin da zai ba ku mamaki, ba da gine-gine suka fara ba, ba kuma da rabon kuɗi ba. Da akwatin ƙuri'a suka fara. Sun ce a tara gari gaba ɗaya, a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar asiri, sannan a zauna a tsara aikin shekara a bainar jama'a, sannan a riƙa bibiya. Daga baya kwamitocin kowace ƙaramar hukuma suka haɗu suka yi tarayya guda, don na wannan gari ya ga abin da na wancan ke yi. Tsarin nan da aka gwada a ƙauyukanmu ne aka ɗauka aka kai Senegal da Mali da Burkina Faso har Madagaska. A 2012 aka sake wa kwamitin makarantun firamare suna ya koma CGDES, amma bakin mutane ya riga ya saba da na farko, ni ma da shi zan ci gaba.

A cikin kwamitin akwai darakta, shi ke riƙe da alƙalami. Akwai wakilin malamai. Akwai wakilan ƙungiyar iyayen yara, da wakiliyar ƙungiyar iyaye mata. Shugaba da ma'aji daga cikinku suke fitowa, ku iyaye. Darakta gwamnati ta turo shi, gobe tana iya ɗauke shi ta kai Gure ko Tanut. Ku kuwa nan kuke, nan kaburburan kakanninku suke.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan maganar asiri, don a nan ne nake samun gardama da dattawa, kuma gardamarsu tana da tushe. Suna cewa mu ba mu gaji ɓoye-ɓoye ba, shawara muka gada. A zauna a fahimci juna, a fito da mutum ɗaya, ba wanda ya faɗi, ba wanda ya ji kunya. Ƙuri'a kuwa, in ji su, ita ta raba gidaje a zamanin jam'iyyu, wa da ƙane suka daina gaisawa. Wallahi na ga wannan da idona, ba zan ƙaryata su ba.

Amma ku dubi abin da kunya ke yi a taron gari. Kunya ado ce a gida, ita ke sa yaro ya rusuna, ita ke sa suruki ya kauce hanya. A wajen ajiyar kuɗin jama'a kuwa ita ce ƙofar da ɓarna ke shigowa. Matar da ta san sarai cewa wane ba ya mayar da bashi, za ta ɗaga hannu ta ƙi shi a gaban mijinta da ƙanin mijinta? Saurayin da ya yi karatu har kwaleji, ya iya lissafi, zai ce a zaɓe ni a bar baffana? Ba zai yi ba, kuma in ya yi mu ne za mu fara cewa ba shi da tarbiyya. Labulen da ake ratayawa a kusurwar aji, mutum ya shiga shi kaɗai ya sa takarda a ambulan, amfaninsa shi ne ya raba mutum da idon da yake jin nauyi na minti ɗaya tak. Ya fito ya gaida baffansa kamar kullum. Zumunci bai taɓu ba, kuɗin zana kuma sun tafi hannun da zai iya riƙe su. Wanda ya faɗi ma bai san wa ya ƙi shi ba, balle ya ƙullace shi.

Rashin karatu ba ya hana wannan. A ba kowane ɗan takara alama ko launi, wannan tulu, wancan zakara, a nuna wa jama'a sau biyu sau uku. A ƙirga a fili, a gaban kowa, kafin a watse. Tsohuwar da ke bambance naira da sefa a kasuwar Mai'aduwa ba tare da an cuce ta ko sisi ba, ba za ta kasa bambance tulu da zakara ba.

Wata fa'idar da ban gane ba sai da na tsufa a aikin: wanda aka zaɓa da ƙuri'a yana tafiya daban da wanda aka naɗa. In ya je ofishin sufeto ya ce malaminmu na CE1 sati uku ba mu gan shi ba, yana faɗa ne da nauyin mutanen da suka shiga bayan labule saboda shi. Wanda mai gari ya nuna da baki, in ya je, aron murya ya yi, kuma ya sani.

Kada in yi muku daɗin baki, zaɓe shi kaɗai ba ya koya wa yaro karatu. Akwai wani gwaji da aka yi a nan ƙasar, kuma jiharmu na ciki. Wajen ƙarshen 2007 aka ɗauki makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin 500 kuɗi a hannu, a matsakaici wajen dala 200 kowace makaranta. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Sauran 500 aka bar su don a gwada bambanci. Wasu masu bincike biyu, Elizabeth Beasley da Elise Huillery, suka bi sawun abin. Sun tarar iyaye sun motsa ƙwarai: sun ƙara zuwa taro, sun ƙara ba da gudummawa, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun rage barin makaranta. Amma sakamakon jarrabawar yara bai ɗaga ba. Abin da ya fi ɗaure kai, a makarantun da aka ba kuɗin malamai sun ɗan ƙara fashin zuwa aiki.

Ni da na yi aikin alli ban yi mamaki sosai ba. Malami yana ganin kansa ɗan gwamnati, mai takarda. Ga manomi da bai taɓa zama a aji ba an ba shi kuɗi, an ce ya lura da shi. Zuciya takan yi tauri. Su kuma iyaye, abin da ido ke gani suka gyara, bango da ƙofa da rufi, don shi suka san yadda ake aunawa. Abin da ke faruwa tsakanin malami da allo ya fi ƙarfin idonsu, ko kuma sun ɗauka ya fi ƙarfinsa.

Darasin da na ɗauka shi ne, ranar zaɓe ba mutumin kirki kawai ake nema ba, don mutanen kirki suna da yawa a Ɗan Barto. Ana neman wanda zai iya shiga tsakanin malami da gari ba tare da ya zama ɗan sandan malami ko ɗan amshin shatansa ba. Malaman nan, da yawansu ƴan kwantiragi ne, albashinsu kaɗan ne, wani lokaci ya makara, an turo yaro ko yarinya daga nesa babu ɗakin kwana. Kwamitin da ya samar wa Madan, malamar da aka turo, ɗaki mai ƙofa, ya kai mata damin gero da kaka, shi ne ke da bakin tambayarta in ta yi fashi. Wanda bai taɓa gaida ta ba sai ranar ƙorafi, ƙorafinsa a bayan kunne zai tsaya. Ku kuma ƴan uwana malamai, ku yi haƙuri in faɗa: wanda ya ba ka ɗansa awa shida a yini yana da haƙƙin ya tambaye ka, ko da bai san harafi ɗaya ba.

Kuma auna karatu bai fi ƙarfinku ba. Shi ya sa daga baya aikin nan na Makaranta Don Kowa ya karkata zuwa gwada yara a lissafi, a faɗi sakamakon a taron gari, sannan gari ya shirya darussan ƙari da yamma ko ranakun hutu, matasan da suka yi karatu suna taimakawa. Uban da aka ce masa a cikin jama'a, cikin yaran CM1 ga adadin waɗanda ba su iya ɗebe bakwai daga goma sha biyar ba, ba ya bukatar Faransanci kafin ya gane akwai matsala. Ku tambayi duk mai son kujerar shugaba: za ka yarda a yi wannan gwaji, a faɗa mana gaskiya? Yanzu ma da Kundin Sake Gina Ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, ban ga dalilin da zai sa a karanta lissafin kuɗin lakwal da Faransanci a gaban mutanen da suka tara kuɗin ba. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Iyayena mata, zan juyo gare ku, kuma maza ku saurara. A garuruwa da yawa kujerar wakiliyar mata cika lissafi ce: a rubuta sunan uwargidan wani babba, ba ta zuwa taro, in ta zo tana bayan fage. Alhali ku kuka san abin da littafin kiran suna bai sani ba. Ku kuka san yarinyar da aka ɗora wa tallan ƙosai ranar kasuwa, da wadda aka kawo kuɗin gaisuwarta tana CM2, da gidan da ake ɗaure kaya a asirce za a yi arewa.

Wannan na ƙarshe ciwo ne a ƙasarmu ta Kance, ba sai na ɓoye ba. A Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, kuma yawancin mutanen nan daga wannan yanki namu suka tashi. Allah ya jiƙansu. Ba na zargin uwar da talauci ya kora, ƙasa ta yi mana kaɗan, gonaki sun tsuke, kowa ya sani. Amma kowane yaro da ya kai shekarun lakwal a cikin irin waɗannan tafiye-tafiye, akwai benci ko tabarmar da ya bari, akwai ranar farko da aka kira sunansa ba a amsa ba. Darakta zai sa alama a littafi ya wuce. Macen da mata suka zaɓa da kansu, wadda ake jin maganarta a gidan suna da bakin rijiya, ita ce za ta iya shiga gidan tun kafin a hau mota, ta ce bar mini shi a wurina har ki dawo. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare karatun yara mata, amma doka ba ta da ƙafar shiga zaure. Don haka ku fito da ƴar takararku da kanku, kuma in kuna da mace mai riƙon amana, wadda ta riƙe adashi shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ban ga abin da zai hana ta zama ma'aji ba.

Maganar rumfa ma ba ƙarama ba ce. A Afrilu 2021 gobara ta cinye ajujuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara 20 suka rasu. A Nuwamba na shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, aka rasa fiye da haka. Mu nan har yanzu ba mu rabu da zana ba, kuma ba kwamiti ne zai gina mana siminti a dare ɗaya ba. Amma inda za a kafa rumfa, da tazarar da ke tsakaninta da ta kusa, da faɗin ƙofa, da hana mai tuya hura wuta a gindinta, duk shawarar mutanen da za ku zaɓa ce.

Mu mutanen bakin iyaka ne, ƙafa ɗaya nan ɗaya Kwangwalam, don haka kun san ƴan uwanmu na Daura da Katsina su ma suna da irin wannan kwamiti a makarantun gwamnati, suna ce masa SBMC, ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. A Amurka abin ya wuce nan: a yawancin gundumomi jama'a ke zaɓen hukumar makarantu, ita ke tsara kasafin kuɗi, ita ke ɗaukar shugaban makarantun gunduma ta kuma sallame shi. Duk da wannan iko, su ma kukansu ɗaya da namu, mutane kaɗan ke fitowa, sai ƴan tsiraru masu wata bukata su kwashe kujerun. Ashe raina ƙaramin zaɓe ba ciwon talaka kaɗai ba ne.

Akwai kuma abin da ya sa nake ganin wannan ƙuri'a ta ƙara daraja a yanzu. Zaɓen ƙananan hukumomi na farko a tsarin da muka sani an yi shi a Yuli 2004, na baya-bayan nan a Disamba 2020. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Ban zo yin siyasa ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan. Abin da nake nunawa kawai, a yau kujerar da mutumin ƙauye zai ɗora wani a kai da hannunsa, ya kuma sauke shi in ya gaza, ba ta da yawa. Ta lakwal na cikinsu. Babu jam'iyya a ciki, babu atamfa, babu mota mai lasifika. Mutumin da za ka zaɓa ka san gonarsa, ka san yadda yake biyan bashi, gobe da asuba za ku haɗu a masallaci.

Ga roƙona ga masu shirya zaɓen bana. Kada a sa shi ranar kasuwa, kada a sa shi lokacin da mata ke kan murhu. A yi shela kwanaki kafin ranar, a masallatai da gidajen biki. Kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, kwamiti mai barin gado ya tsaya ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, jaka nawa, dami nawa, da Hausa, a kuma rubuta a allo a bar shi a bango. Wanda yake son a sake zaɓensa, wannan karatun shi ne kamfen ɗinsa. Kada shugaba da ma'aji su fito daga gida ɗaya. Kuɗi kuma kada su fita sai da hannu biyu a takarda.

Ranka ya daɗe, ku kuma iyayen ƙasa, alfarma ɗaya nake nema. Ku zo, ku zauna a gaba, ku sa albarka, amma kada a ji sunan kowa daga bakinku kafin a buɗe akwati, don in kun ambaci mutum zaɓe ya ƙare. Ni kuma, in darakta ya yarda, ranar zan zo da labule da ambulan daga gidana, in tsaya wajen ƙirga. Bashin wancan ƙauye ne nake ragewa.

Na ga hannu a can wajen mata tun ɗazu. Inna, bismillah, muna jin ki.